Nafisa Kailu, Ɗalibar Da Ta Koya Mini Duba Kuskure

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Laraba, 8 ga watan Oktoba na 2025, jim kaɗan bayan azahar, Zaidu ya kira ni daga Yamai. Ina gona ana ɗaurin dammunan gero, don Laraba da rana ba mu shiga aji. Ya ce, "Mushe Aliyu, Nafisa ta cika." Mushe muke ce wa malamin makaranta a nan, daga Faransanci. Kwana tara ke nan da kai ki asibiti can, bayan ciwon ya ƙi kwantawa a nan gida. An kawo ki Filinge a ranar, aka yi miki sutura da safiyar Alhamis. Shekarunki talatin da huɗu. Kin bar mahaifiyarki Hajiya Laraba, da mijinki Zaidu, da ɗiyarki Ummul mai shekara uku.

Ni ba marubuci ba ne, malamin lissafi ne. Amma akwai abin da na sani game da ke wanda in ban rubuta shi ba zai tafi tare da ni, shi ya sa na ɗauki biro.

Na fara saninki a 2005, kina aji uku na koleji, wanda muke ce wa katriyem. Yarinya siririya, ba ki cika magana ba, kuma kujerarki takan zauna babu kowa sati biyu, wani lokacin uku. Amosanin jini ne, da shi aka haife ki. In ya kwantar da ke, mahaifinki marigayi Kailu tela yakan rufe shagonsa na kasuwa ya hau keke ya zo lakwal, wato makaranta, ya karɓar miki aikin gida. Wata rana ya maido mini da littafinki, na ga kin yi tambayoyi huɗu cikin biyar. A gaban ta biyar kin rubuta da fensir: "Mushe, wannan ba ta da amsa, ka duba lambobin." Raina ya ɓaci. Na duba, na tarar ni ne na kwafe tambayar ba daidai ba. Maki kawai na ba ki a lokacin.

Daga nan kika wuce lise, babbar sakandare, kika tafi Yamai kika karanta ilimin ordinatar, wato kwamfuta, kika yi aiki shekaru kina rubuta wa ƙungiyoyi manhaja. Labarinki nake ji a bakin mutane. A 2021 kika dawo Filinge bayan aurenki da Zaidu, ma'aikacin kula da lafiyar dabbobi, kika ci gaba da aikinki daga gida, da farantin sola a kan rufi da tebur a ƙarƙashin rumfa.

Ni kuwa a lakwal ɗinmu an ɗora mini fitar da muwayen, wato matsakaicin makin kowane ɗalibi a ƙarshen zango. Ɗalibai fiye da ɗari biyar, kowanne da darussa tara ko goma, kowane darasi da nauyinsa, wanda muke kira kowefisiyan: lissafi da Faransanci sun fi wasan motsa jiki nauyi nesa ba kusa ba. Shekara da shekaru ina yin wannan da kalkuleta har idanuna suka fara gazawa. Sai na ce bari in koya wa ordinatar ta yi mini. Na kalli darussa a waya, na koyi abin da ya samu na harshen Python, na rubuta kod, wato jerin umarnin da ordinatar za ta bi, shafi huɗu cikin manhajar rubuta wasiƙa. Ya ƙi tashi. In na gyara nan ya tsaya can. Sati uku ina fama, kunya ta hana ni tambaya, har matata ta ce, "Ga ɗiyar Kailu nan bayan masallaci, kana kashe kanka a banza."

Na zo gidanki ranar wata Asabar da hantsi. Kika tashi kika rusuna kika gaishe ni kamar kina katriyem, kika ba ni kujerarki kika jawo kwando kika kife kika zauna a kai. Kin kalli abin da na rubuta, ba ki yi dariya ba, ko da yake na ga bakinki ya motsa. Kika ce, "Mushe, aikin ba shi da laihi. Wurin da kake rubuta shi ne ba shi da ido."

Ranar kika saka mini abubuwa biyu. Na farko editar, manhajar da aka yi musamman don rubuta kod. Na biyu ɗan ƙarin da ake liƙa mata, sunansa linta. Kika yi mini bayani a taƙaice: linta ba ya tada kod, karanta shi kawai yake yi tun kana cikin rubutawa. Inda ya ga abin da zai hana aikin tashi, sai ya ja jan layi a ƙarƙashinsa. Inda ya ga abin da zai tashi amma da alamar tambaya a kansa, sai ya ja rawaya. In ka kai kibiya kan layin, saƙo ya fito ya gaya maka abin da ya gani. A ƙasan allo kuma akwai jerin duk abin da ya samu, ka taɓa ɗaya ya kai ka wurin kai tsaye.

Kika buɗe aikina a ciki. Shafin ya yi ja kamar an yanka kaza a kai. A ƙasa aka rubuta tamanin da bakwai.

Kika ce, "Haka littafina yake dawowa daga hannunka, Mushe. Ban mutu ba."

Na zaci za ki karɓi ordinatar ki gyara mini cikin minti goma, don na san za ki iya. Ba ki taɓa ta ba. Kika ce in fara daga na sama, saboda sau da yawa kuskure ɗaya na sama shi ke haifar da goma a ƙasa. Na farko baka ce na buɗe ban rufe ba. Da na rufe ta, adadin ya sauko daga tamanin da bakwai zuwa sittin da ɗaya a gaban idona. Na biyu ɗigo biyu ne na manta a ƙarshen layi. Na uku, na rubuta sunan abu ɗaya iri biyu, can da harafi biyu, nan da harafi ɗaya, ni kuwa na karanta wurin ya fi sau ashirin ban gani ba. Akwai inda na tura layi ciki da tazara huɗu, na ƙasansa da uku. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya har aka kira azahar. Bayan salla muka koma. Kafin la'asar ja ya ƙare, na danna, sunayen ɗalibai suka zubo da makinsu. Ina da shekara hamsin da shida a lokacin, amma sai da na tafa.

Matsala guda ta rage. Saƙonnin linta da Ingilishi suke fitowa, mu kuwa da Faransanci muka yi karatu. Sai kika sayi littafin rubutu mai shafi ɗari, duk saƙon da ya fito mini ki kwafe shi a hagu, ki rubuta ma'anarsa da Hausa a dama, da misali a ƙasa. Ba fassara kike yi ba, magana kike yi. A gaban wani kin rubuta: "Ka kira wanda ba ka raɗa wa suna ba." A gaban wani: "Ka ɗauko kaya ka ajiye ba ka yi komai da su ba." Da mutane suka ji, Asabar ɗinki ta zama aji. Madam Sa'adiyya mai koyar da kimiyya ta shigo, da Nafi'u sakataren ƙungiyar manoman gero, da wani ma'aikacin jinya, da wasu biyu da suka zo suka tafi. Littafin ya kai saƙo sittin da wani abu, kowa ya ɗauki hotonsa a waya.

Abin da ya sa na ce dole in rubuta wannan ya faru ne a watan Yuni na 2023.

Na riga na saba da jan layi, ina ganinsa nake gyarawa. Rawaya ce ta ishe ni. Kod yana tashi, sakamako yana fita, ita kuwa tana nan tana mita: wannan layi ya yi tsawo, wancan suna bai dace ba. Na bincika da kaina na gano inda ake kashe ta, na kashe, shafina ya yi fes, na ji daɗi. A watan Mayu kuma na sake rubuta sashen da ke haɗa maki don in ƙara wani abu, na gwada, ya tashi lafiya. Ƙarshen shekara ya zo, na fitar da muwayen na ɗalibai ɗari biyar da arba'in da biyu cikin ƙiftawar ido, na buga jerin na kai wa diraktar, shugaban lakwal ɗinmu, ranar Litinin. Ranar Alhamis malamai za su zauna konsai, taron da ake yanke wanda ya wuce, da wanda zai maimaita aji, da wanda za a sallama.

Ranar Talata da la'asar na ji ciwon ya tashi miki, na zo dubiya. Gaskiya da ordinatar a jakata, don ina son ki yaba mini. Na same ki kwance a tabarma a tsakar gida, Hajiya Laraba tana gasa miki gwiwa da tsumma da ruwan ɗumi. Na yi miki sannu, na ce ba aiki ya kawo ni ba. Kika ce, "Mushe, jakar nan ba ta zo dubiya ba. Buɗe mu gani."

Na ɗora ta a kan matashi kusa da ke. Kika kalli shafin, kika daɗe, sannan kika ce, "Ina rawaya?"

Na ce na kashe ta, surutu gare ta.

Kika ce, "Kunna."

Na kunna. Goma sha ɗaya suka fito. Kika sa na karanta su da ƙarfi ɗaya ɗaya, saboda idonki ba ya jure hasken allo a ranar. Bakwai na tsawon layi ne, kika ce in bar su sai na samu lokaci. Biyu na suna ne. Ɗaya wani abu ne da na shigo da shi a sama ban buƙace shi ba. Na ƙarshe na kan layi na ɗari da goma sha huɗu, ya ce an ba wani suna ƙima amma ba a yi amfani da shi ko'ina ba. Na san saƙon, yana cikin littafinki. Kika ce, "Wane suna ne?"

Na duba. Kowefisiyan ne.

Kika ce, "To mi yaka ninka makin, in ba shi ba?"

Babu abin da ke ninka shi. Da na sake rubuta sashen a watan Mayu, na ɗauko nauyin kowane darasi na ajiye, sannan na tara maki tsurarsu na raba da yawan darussa. Lissafi da wasan motsa jiki sun zama ɗaya. Kod ɗin ba shi da kuskuren da zai hana shi tashi, shi ya sa babu ja. Lambobi yake fitarwa masu kama da gaskiya, tara da ɗigo kaza, goma sha biyu da ɗigo kaza, ba wanda zai kalle su ya yi zargi. Linta ya gani tun ranar da na yi kuskuren, ni ne na rufe masa baki.

Na gyara layi biyu a nan zaune a bakin tabarmarki. Rawayar ta ɓace. Na ce alhamdu lillahi, an gama. Kika ce ba a gama ba. Kika ce linta bai san lissafi ba, bai san dokar lakwal ba, ya dai ga an ajiye abu ba a taɓa shi ba. Da na ninka da lambar da ba ita ba, da shiru zai yi. Kika sa na zaɓi ɗalibai biyar daga aji daban-daban, na fitar da nasu da biro da takarda kamar da, na gwada da na ordinatar. Duka biyar suka yi daidai. Sannan kika rufe ido.

Da na jera sabon sakamako kusa da tsohon, matsayin ɗalibai talatin da bakwai ya canza. Ashirin da uku da na kayar sun haye goma, makin da ake wucewa da shi. Goma sha huɗu da na ɗaga sun faɗo ƙasa da ita. Cikin waɗanda na kayar akwai Habsa, yarinya daga wajen Sanam da ke zaune gidan gwaggonta don karatu. Ta riga ta maimaita aji sau ɗaya, kuma a lakwal ɗinmu ba a maimaitawa sau biyu. A jerin da na kai wa diraktar tana da tara da ɗigo huɗu, sallama ke nan, ta koma gida. A na gaskiya tana da goma da ɗigo shida, domin ƙarfinta a lissafi da Faransanci yake. Da ban zo dubiya ba, da ranar Alhamis na ɗaga hannu tare da sauran malamai an kore ta, kuma da har in mutu ban san na yi ba.

Na ce miki zan je in canza takardar a teburin diraktar, in ce wancan gwaji ne. Ba ki buɗe ido ba kika ce, "Mushe, ka hwaɗa mishi yadda ta kasance. In ka ɓoye, gobe wani ya kashe rawaya tai."

Na faɗa masa da safiyar Laraba, na sake faɗa a gaban malamai ranar Alhamis. Ba abu ne mai daɗi ba ga wanda ya shekara talatin yana cire wa yara maki saboda sakaci. Wani abokin aiki ya ce ai dama a koma kalkuleta, diraktar ya ce a'a, a dai riƙa gwada biyar da hannu kowane zango, kuma haka ake yi har yau. Wanda ya fi mini wuya shi ne maƙwabcina Ali mai sayar da hatsi. Tun ranar Litinin na yi saurin baki na raɗa masa cewa ɗansa ya wuce, har ya yi wa yaron alkawarin keke. Yaron yana cikin goma sha huɗun da suka faɗo. Na je har rumfarsa na gaya masa. Wata biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau. Da na kawo miki ƙara, kika ce, "Ba kai ka kada shi ba, makinai ne. Laihinka saurin baki." Ba ki ƙara ko kalma ɗaya ta lallashi ba. Habsa kuwa tana lise yanzu, kuma ba ta san wannan labari ba sai in ta karanta shi a nan.

Ba zan ce ba ki da zafi ba, don waɗanda suka zauna a rumfarki za su ƙaryata ni. Kina da haƙuri da wanda bai sani ba, ko sau goma zai tambaya. Ba ki da shi ga wanda ya kwafo kod daga intanet ya manna bai karanta ba. Akwai wanda kika tambaya me layi na uku yake yi, ya ce bai sani ba amma yana aiki, kika rufe masa ordinatar kika ce ya dawo ranar da ya sani. Bai dawo ba. Na ce miki kin yi tsanani, kika ce ƙila, amma ba ki aika a kira shi ba. Akwai kuma maɓallin da ke gyara wasu kurakurai da kansa, kika hana mu taɓa shi wata shida, sai da kika tabbata mun san abin da yake gyarawa.

Abin da ban taɓa ji daga bakinki ba shi ne kukan ciwo. In kin ce mana "yau babu aji," mun san abin da ake ciki, ba ma tambaya. In kin samu sauƙi sai saƙo ya shigo waya: "Asabar, ƙarfe tara, kowa ya zo da kuskurensa." Nafi'u ya gaya mini a wurin zaman makoki cewa manhajar da yake aika wa manoman yankinmu na Kurfai saƙon ranar rabon iri da ita, a gadon asibiti kika duba masa ita bara, ta waya, layi layi, shi bai ma san kina kwance ba sai daga baya.

Ganina da ke na ƙarshe a tsakiyar Satumba ne, kafin a koma lakwal. Na kawo miki aikina, ba ja ba rawaya, ban kuma kashe komai ba. Kika bi shi daga sama har ƙasa, kika ce ya yi, sai dai sunayen da na ba abubuwa ni kaɗai ke gane su, kuma shekara ɗaya ta rage mini in yi ritaya. Kika ce in sake musu suna yadda wani zai karanta ya fahimta, in zauna da Madam Sa'adiyya in bi da ita layi layi har ta iya gyara shi ba ni. Mun fara. Mun kai rabi aka tafi da ke Yamai. Za mu ƙarasa in Allah ya yarda.

Ranar sadakar uku na shiga cikin gida in yi wa Hajiya Laraba gaisuwa. Na shirya maganar da zan faɗa, da na durƙusa sai ta ɓace mini. Ita ce ta yi magana. Ta ce, "Mushe, tun tana goye likita yac ce mini kar in sa rai ta kai ashirin. Ta kai, Allah ya ƙara mini sha huɗu bisa. Wanda aka yi wa ƙari ba ya raina kyauta." Sannan ta ce a ba ni ruwa.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, Hajiya, Allah ya saka miki da alheri bisa wahalar shekara talatin da huɗu da kika sha ba ki gaji ba. Ina miƙa ta ga Zaidu, wanda ya san abin da ke jikinta tun kafin ya aure ta, ya kuma riƙe ta da mutunci har ƙarshe. Ina miƙa ta ga dangin marigayi Kailu na nan Filinge da na Yamai, da abokan zaman rumfar Asabar. Ummul kuma Allah ya raya ta, ya ba ta lafiyar da uwarta ba ta samu ba, ya ba ta irin kan uwarta.

Nafisa, Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Allah ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya sa ilimin da kika bari ya riƙa isa gare ki. Allah ya haɗa ki da mahaifinki a Aljanna Firdausi. Mu da muka rage, Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Aliyu Mansur
Malamin lissafi, Filinge